Kafin ka sayar da gonar gado a canja maka faifan baya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Ni mutumin Daura ne, shekaruna 43. Sana'ata fataucin hatsi, ina tuƙa J5 ɗina da kaina tsakanin Mai'aduwa, Daura da Dawanau. Yau kusan wata biyu ke nan, na sunkuya zan kama wa yara buhun masara sai na ji tsatsona ya amsa. Bayan kwana biyu ciwon ya sauko ta ɗuwawun hagu, ya bi bayan cinya da sha-raɓa har ƙaramin yatsa. In na yi tari ko atishawa kamar an jona mini wutar lantarki. Ciwon ƙafar ya fi na bayan nesa ba kusa ba. Sallah a zaune nake yi. An yi mini ƙaho, mai ɗori ya murza ni, na sha haɗin kemis har cikina ya fara zafi. Na je Kano an yi mini hoton MRI, aka ce faifan da ke tsakanin L5 da S1 ya fashe yana danne jijiya. Likitan ya ce in je gashin ƙashi in dawo bayan wata ɗaya, amma raina bai kwanta ba, don ko minti goma bai yi da ni ba.

Wani abokina ya haɗa ni da wani mai kai marasa lafiya Indiya. Na tura masa hoton ta WhatsApp, washegari ya ce likitansu ya duba, a cire faifan a sa mini na roba da ƙarfe, zan koma garau. Kuɗin ya haura naira miliyan 30 har da jirgi da masauki, kuma ya ce in na wuce wata ɗaya zan iya shanyewa. Ba ni da wannan kuɗi sai in an sayar da gonar gado da muke tarayya da Yaya da ƙannena mata uku. Hajiya ta ce muddin tana raye ba mai sa mini wuƙa a baya, wai duk wanda aka yi wa aikin baya a keke yake ƙarewa. Ga shi ban cika shekara da yin amarya ba. Malam, in sayar ko in haƙura?

Wani ɗan'uwa daga Daura

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Wanda bai taɓa yin ciwon jijiyar ƙafa ba gani yake raki ne, alhali ciwo ne da ke hana ƙato barci, ya sa shi kuka a ɓoye.

Ga amsata tun kafin bayani: kada ka taɓa gonar nan, kuma kada ka aika wa mutumin can ko sisi da sunan kafin alƙalami. Aikin canja faifai aiki ne na gaske, ana yin sa, akwai waɗanda ya yi wa rana. Sai dai an ƙirƙire shi ne saboda wani ciwo, kai kuma abin da ka bayyana wani ciwo ne daban, ko da yake a wuri ɗaya suke tasowa.

Gadon bayan ɗan Adam ƙananan ƙasusuwa ne jere bisa juna, 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a tsatso, sannan ƙashin ƙugu a ƙasa. Na tsatson su likitoci ke kira L1 zuwa L5 daga sama zuwa ƙasa, saman ƙashin ƙugu kuma S1. A tsakaninsu akwai faya-fayan guringuntsi guda 23. Faifai shi ne gammon da ke tsakanin ƙashi da ƙashi, yana ɗauke nauyi, yana kuma ba baya damar lanƙwasa. Gefensa zobe ne mai tauri, tsakiyarsa abu ne mai laushi da danƙo. Shekarun zama a kujerar mota, girgizar hanya da cicciɓar buhu sun daɗe suna gajiyar da zoben, ranar buhun masara ya tsage, na cikin ya ɓullo ta baya ya tarar da jijiyar da ke wucewa ta wurin, wadda ita ma ake kira S1. Jijiyar S1 kuwa hanyarta ke nan: ɗuwawu, bayan cinya, sha-raɓa, gefen ƙafa na waje, ƙaramin yatsa. Yadda ka zana ta a wasiƙarka haka take a littafin likitoci. Ba dannewa kaɗai ke sa ta zugi ba, abin da ya ɓullo yana kumbura jikin jijiyar, tari da atishawa kuma suna ƙara matsi a wurin, shi ne wutar da kake ji.

Abin da mai kai ka Indiya bai gaya maka ba, kuma ba zai gaya maka ba, shi ne mafi yawan masu irin wannan ciwo suna samun sauƙi ba tare da an yanka su ba, galibi cikin mako 6 zuwa 12. Jiki yana ɗaukar guntun da ya fito a matsayin baƙo, sai ya riƙa cinye shi a hankali, kumburin ya sauka, jijiya ta samu sarari. Abin mamakin ma, wanda ya fito da yawa ya fi saurin zagwanyewa a kan wanda ya ɗan turo kai kawai. A ƙasar Holan an yi bincike, aka buga shi a 2007, a kan mutum 283 da suka yi mako 6 zuwa 12 suna fama da ciwon jijiyar ƙafa. Aka raba su biyu, rabi aka yi musu aiki da wuri, rabi aka ce su jira ana lura da su. Waɗanda aka yi wa aiki sun riga samun sauƙi. Amma da shekara ta zagayo, kusan kashi 95 cikin 100 na kowane ɓangare sun ce sun warke, kuma cikin masu jiran kashi 39 cikin 100 ne kawai suka kai ga tiyata daga baya. Ka lura kuma, tiyatar da ake magana a binciken ba canja faifai ba ce, ƙaramin aiki ne da zan zo kansa.

Shi kuma hoton, kada ya firgita ka fiye da kima. A 1994 wasu likitoci a Amurka sun ɗauki MRI na mutum 98 da ba abin da ke damun bayansu. Fiye da rabinsu aka samu faifai ya turo, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu kuma ya turo sosai. Lafiyarsu lau suna yawo. Da za a kwashi direbobin tashar Daura baki ɗaya a sa su a na'urar nan, da yawa za su fito da takarda mai ban tsoro. Shi ya sa likitan kirki ba ya yanke hukunci da hoto shi kaɗai. Zai kwantar da kai rigingine, ya ɗaga ƙafarka a miƙe ya ga daga ina wutar ke tashi. Zai bugi jijiyar bayan dunduniyarka da ɗan gudumarsa ya ga ko ƙafar za ta amsa. Zai ce ka yi tafiya a kan yatsu, ka dawo a kan dunduniya, ka tsaya da ƙafa ɗaya ka ɗaga jikinka sau goma. Zai ɗan tsikari gefen ƙafarka na hagu da na dama ya ce, ɗaya kake ji? Zai tambaye ka fitsari da bayan gida. Wannan duka ba ya wuce minti goma, don haka gajartar zamanka da likitan Kano ba ita ce ma'auni ba. In ya yi maka waɗannan, ya duba ka. Likitan da ya ga hotonka a waya kuwa, in ma akwai shi, ko ɗaya bai yi ba, kuma cikin dare ɗaya ya zaɓar maka aiki mafi tsada.

Aikin faifan tsatso iri uku ne, kuma mutane na cuɗa su wuri ɗaya su ce aikin baya. Na farko shi ne wanda ya shafi irin ciwonka, likitoci na ce masa maikrodisektomi. Ana ɗan tsaga baya kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya ko biyu, a leƙa da madubin ƙara girma, a ɗauke guntun da ya danne jijiya, a bar sauran faifan a inda yake. Ba a sa ƙarfe, ba a sa roba. Yawanci mutum kan taka ƙafarsa a ranar ko washegari, ya koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Ciwon ƙafa yake magani, kuma yana yin sa da kyau. Aibinsa shi ne faifan na iya sake fitowa, wajen mutum ɗaya cikin goma. Ana yin wannan aiki a nan gida Najeriya, a asibitocin koyarwa. Na biyu shi ne haɗe ƙashi, a kwashe faifan a ɗaure ƙasusuwan biyu da ƙusoshi har su zama ɗaya, wurin ya daina motsi. Na uku shi ne wanda aka tallata maka.

An ƙirƙiro faifan roba ne don gyara illar haɗe ƙashi. In gaɓa ɗaya ta daina motsi, na samanta da na ƙasanta su ke ɗaukar wahalar, sai masana suka ce me zai hana a sa abin da zai ci gaba da motsi. Wani likita a Suwidin, Ulf Fernström, ya gwada cusa ƙwallon ƙarfe a gurbin faifai a shekarun 1960, sai ƙwallon ya riƙa nutsewa cikin ƙashi. Na zamani na farko an ƙera shi a asibitin Charité da ke Balin ta Gabas, aka fara sa wa mutum a 1984. Ɗaya daga cikin likitoci biyun da suka ƙera shi mace ce, Karin Büttner-Janz, wadda kafin nan ta ciwo wa Jamus ta Gabas zinare a wasannin Olamfik na 1972. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ba ta amince da shi ba sai 2004, ta amince da wani mai suna ProDisc-L a 2006. Shi na farkon daga baya an daina sayar da shi.

Ka san ta ina ake shiga? Ba ta baya ba, ta ciki. Ana tsaga ƙasan cibiya, a ture hanji gefe, a janye manyan jijiyoyin jini da ke kai jini ƙafafu su dawo da shi, don kwance suke daidai gaban ƙashin. Shi ya sa a wurare da dama sai an gayyato likitan jijiyoyin jini ya buɗe hanya. Sannan a kwashe faifan kakaf, a dasa faranti biyu na ƙarfe, ɗaya a ƙashin sama ɗaya a na ƙasa, da roba mai tauri a tsakani wadda suke juyawa a kanta.

Wanda aka yi shi dominsa shi ne mutumin da ciwon baya, shi kansa bayan, ya addabe shi saboda faifai ɗaya ko biyu sun lalace sun bushe, ya yi aƙalla wata 6 yana magani da gashin ƙashi ba sauƙi, ƙashinsa na da ƙwari, ƙananan gaɓoɓin da ke bayan ƙashin ba su ci ba, ƙashi bai zame daga kan ɗan'uwansa ba, bayan bai karkace ba, ba ƙwayar cuta a wurin. Sharuɗɗan na da yawa har masu ciwon baya kaɗan ne ke cika su. Kai wata biyu ka yi, ba ka ma fara gashin ƙashin ba, kuma da bakinka ka ce ƙafa ta fi baya ciwo nesa ba kusa ba. Jijiyar da aka danne daga baya, hanya mafi kusa ita ce a je ta baya a ɗauke abin da ya danne ta.

Ko a kan waɗanda suka cika sharuɗɗan ma bakin masana bai zo ɗaya ba. A Nowe an gwada mutum 173, rabi aka sa musu faifan roba, rabi aka yi musu horon motsa jiki mai tsari. Bayan shekara biyu masu faifan sun ɗan fi samun sauƙi, amma ratar ba ta kai yadda masu binciken suka gindaya tun farko ba. A cikin binciken nan da aka buga a 2011 akwai mutum ɗaya da robar ta goce, aka koma gyarawa, aikin ya zo da matsala har ya rasa ƙafarsa daga ƙasan gwiwa. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a 2016 kada a yi wa masu ciwon tsatso canjin faifai. Amurka da Jamus suna yi. Wato ƙasashen da ke da kuɗi da kayan aiki ma ba su daidaita a kansa ba, balle a ce maka za ka koma garau kamar an ba da tabbaci.

Akwai illa ɗaya da nauyin baki ke hana a faɗa wa maza, ni kuwa zan faɗa maka tunda ka ambaci amarya. A gaban ƙashin L5 da S1 akwai wasu siraran jijiyoyi da ke rufe bakin mafitsara lokacin da namiji zai kawo. In aka taɓa su garin shiga ta ciki, maniyyi na iya riƙa komawa cikin mafitsara maimakon ya fito. Ƙarfin namiji na nan, amma haihuwa na iya wuya. Kaɗan ne abin ke samu, wasu kuma yakan gyaru da kansa, amma duk likitan da zai shiga ta nan wajibi ne ya gaya wa namiji kafin ya sa hannu a takarda. Ƙaramin aikin da ake yi ta baya ba ya bi ta wurin.

Sai kuma batun bayan an dawo. Faifan roba ba a mantawa da shi, ana bin sa da hoto shekara da shekaru, don yana iya gocewa, ya nutse cikin ƙashi, ko robar ta ci. In aka ce a koma a cire shi, aikin ya fi na farko haɗari, domin tabo ya riga ya manne jijiyoyin jinin nan da ƙashi. Ka tambayi kanka, in haka ta faru shekara uku nan gaba kana Daura, wa zai buɗe ka, da wane kayan aiki, kuma wace gonar za a sayar?

Don kada in zalunci aikin, a wuya labarin daban ne. Mutumin da faifan wuyansa ya danne jijiya, ciwo na sauka kafaɗa da hannu har yatsu, canja faifai na cikin ayyukan da suka tabbata. Amurka ta amince da na wuya tun 2007, kuma binciken da aka bi mutane shekaru ya nuna sakamakonsa bai gaza na haɗe ƙashi ba, masu komawa aiki na biyu ma sun fi ƙaranci. In ka ji wani ya ce an canja masa faifai ya ji daɗi, ka tambaye shi a wuya ne ko a tsatso, kuma wane ciwo ya kai shi.

Yanzu maganar shanyewa, wadda da ita mutumin can ya kama ka, da ita kuma Hajiya ta riƙe ka, kowa ta nasa ɓangaren. Laka ita kanta ta ƙare tun a saman tsatso, wajen L1 zuwa L2. Daga nan zuwa ƙasa saiwoyin jijiyoyi ne ke gangarowa. Ciwon jijiya ɗaya a ƙafa ɗaya ba ya da wa'adin wata guda da in ya cika mutum zai shanye. Wanda ya sa maka wa'adi ciniki yake son rufewa. Amma akwai alamomin da in ka ga ɗaya daga cikinsu ba a jiran gari ya waye, kuma ba Indiya ake nufa ba, asibitin koyarwa mafi kusa ake nufa. In fitsari ya ƙi fita, ko yana zubo maka ba ka sani ba. In ba ka iya riƙe bayan gida. In tsakanin cinyoyinka, gabanka ko wajen dubura ya sage, kana tsarki ba ka jin ruwa. In ciwo ko rauni ya kama ƙafa biyu. In ƙafar na ƙara mutuwa, silifas na suɓucewa ba ka sani ba, ko ka kasa ɗaga jikinka a kan yatsu. Huɗun farko na nuna faifan ya matse tarin jijiyoyin baki ɗaya, aikin gaggawa ne da ake lissafa shi da awoyi, jinkiri na iya barin mutum da robar fitsari har ƙarshen rayuwa. Haka nan in akwai zazzaɓi, gumin dare, rama, ko ciwon da ke tashinka tsakar dare ko ya ka kwanta, ka gaya wa likita, domin a ƙasarmu tarin fuka na cin ƙashin baya, kuma maganinsa ƙwayoyi ne da ake bayarwa kyauta.

Haɗin kemis ɗin nan ka ajiye shi yau. Irin ƙullin da ake haɗa wa masu ciwon jiki yawanci akwai dikilofenak da ibuprofen a tare, wani lokaci da deksametazon, wani lokaci da tiramol. Zafin cikin da ka fara ji gargaɗi ne, waɗannan magunguna na huda ciki su kuma taɓa ƙoda, shi deksametazon yana tayar da suga da hawan jini ya raunana ƙashi, tiramol kuwa ka san yadda ya yi da samarin tasha. In ka ga bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin, asibiti kai tsaye. Ka kwashi sauran ƙullin ka kai wa likita ya gani, shi zai zaɓa maka guda ɗaya da abin kare ciki. Mai ɗori kuma gwaninsa karaya da targaɗe, a nan ba abin da ya karye, kuma murza da taka baya na iya ƙara turo faifan. Ƙaho fata yake ja, abin da ke damunka na can ciki inda bai kai ba.

Abin da za ka yi a watan nan ba shi da armashi, amma shi ne maganin. Ka je gashin ƙashin da aka tura ka, wurin ƙwararru na asibiti, kuma ka yi motsin da za su koya maka a gida safe da yamma, don shi ne aikin, ba fitilar da ake haska maka ba. Kada ka kwanta ka miƙe kwana da kwanaki, kwanciya na ƙara sandarar da baya. Ka riƙa ɗan takawa, ko daga gida zuwa masallaci ne, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda ƙafar ta yarda. J5 ka ba yaro amintacce ya ja, zaman mota daga Daura zuwa Dawanau ta Kazaure shi ne babban abokin gabar faifanka a yanzu, buhu kuwa ko na gari ne kada ka kama. In kana shan taba ka bari, tana busar da faifai. Sallah a zaune kada ta dame ka. Sahabi Imrana ɗan Husaini ya kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kukan rashin lafiya, ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Akwai kuma allurar da ake yi a baya kusa da jijiyar don sauke kumburi, tana ba wasu sauƙi na ɗan lokaci, ka tambayi likita ko ta dace da kai.

Tunda ranka bai kwanta ba, haƙƙinka ne ka ji ta bakin likita na biyu, amma wanda zai taɓa ka da hannu. Ka fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko ka koma Kano, Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. Akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a Shika ta Zariya da kuma asibitin koyarwa na Sakkwato. Ka tafi da hoton kansa, ba takardar rahoto kaɗai ba. In wata ɗaya ko ɗaya da rabi ya wuce kana bin ƙa'ida ciwon na nan yadda yake, ba barci ba sana'a, to ƙaramin aikin nan ya halatta maka, kuma ni ba zan ce ka ci gaba da cije baki ba. Kuɗinsa a nan gida bai kama ƙafar abin da aka yanka maka ba.

Ita Hajiya ba gardama za ka yi da ita ba, kuma kada ka tara mata jama'a. Tsoronta na da tushe, ta ga mutane an kai su asibiti sun dawo a keke. Sau da yawa irin waɗannan sun je ne bayan tarin fuka, ciwon daji ko haɗarin mota ya riga ya gama da laka, sai aikin ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Ka je mata da daddare in gida ya yi shiru, ka ce, Hajiya na bi maganarki, ba za ni Indiya ba, gona ma tana nan. Wannan zai sanyaya mata rai. Sannan ka nemi alfarma ɗaya, ka lissafa mata alamomin nan na fitsari da mutuwar ƙafa, ka ce in ɗaya ta bayyana kina yafe mini a kai ni a yi abin da ya kamata ko da tsakar dare ne. Ka karɓi wannan izini yanzu da ido biyu, a gaban Yaya, don ranar da ake buƙatarsa ba ranar zaman shawara ba ce. Ranar ganin likita na biyu kuma ka tafi da Yaya ya ji da kunnensa, shi zai fi iya mayar mata da bayani.

Su kuma ƙannenka mata, ko da an kai ga neman kuɗi wata rana, ka sani in ka tambaye su a gaban Hajiya kana dafe da ƙugu, kowacce za ta ce, haba Yaya, ai lafiyarka ta fi gona. Kunya ce ta yi magana, kuma abin da aka karɓa da kunya bai zama halal ba. Rabonsu nasu ne, wataƙila shi ne kaɗai abin da wata a cikinsu za ta dogara da shi in aure ya juya mata baya. In larura ta gaske ta zo, a raba gado kowa ya san nasa, ka sayar da naka, wadda ta ga dama ta taimaka daga nata.

Mai kai ka Indiya zai sake kira, wataƙila da ragi, wataƙila da hoton wani da aka ce an yi wa yana tsalle. Irinsu da yawa kamasho suke samu a kan kowane mara lafiya, kuma kamashon na girma da girman aiki. Ba sai ka yi faɗa da shi ba. Ka ce ya turo maka a rubuce, da sa hannun likitan da sunansa, dalilin da ya sa canja faifai ya fi cire guntun da ya fito ga mai ciwon ƙafa na wata biyu, da sunan faifan da za a sa, da wanda zai duba ka a Najeriya bayan ka dawo, da wanda zai biya in aka koma gyara. In ya turo, ka kai wa likita na biyu ya karanta a gabanka da Yaya. Allah ya ba ka lafiya, ya sa a dace.